An Ce Jirgin Jidda Ƙanena Ya Hau, Amma Lissafin Tafiyar Ya Ƙi Fita

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Bukan Sidi, nan Lafia. Ina da ƙane, shi ne autanmu, keke napep yake ja, har wani Alhaji da suke masallaci ɗaya da mijina ya ce zai samar masa aikin direba a Jidda. Mutumin sananne ne a unguwa, ba yau ya fara kai yara ba, shi ya sa ba wanda ya kawo komai a ransa. Ni na raka yaron tasha da sassafe, aka ce a ranar za su hau jirgi a Abuja.

Ranar shiru, washegari shiru. Na shiga wurin maƙwabciyata da ta yi Umara bara, na tambaye ta nisan tafiyar. Ta ce su bayan azahar suka tashi daga Abuja, a Jidda suka yi isha'i, ko awa shida ba su cika a sama ba, kuma agogon can yana gaban namu da awa biyu. Na kira Alhaji, ya ce jirgin ne ya yada zango a wata ƙasa, in daina ɗaga hankalina.

Sai a rana ta huɗu yaron ya kira da baƙuwar lamba. Muryarsa ta dishe, iska na ta kaɗawa a wayar. Ya ce sun sauka lafiya, wurin yana da kyau, amma maganar ɗai-ɗai take fita kamar akwai wanda ke tsaye a kansa. Na ce mu yi bidiyo, ya ce kyamarar ta lalace. Muna cikin haka masallacin layinmu ya fara kiran magariba, sai na ji ta cikin wayar can ma ana kiran sallah. Na tambaye shi wace sallah ce.

Ya ce, "Magariba, Yaya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce Mama ta dage min da addu'a." Wayar ta katse.

Jama'a, da a Jidda yake ai sun daɗe da yin magariba. Mijina ya duba lambar, ya ce ta Nijar ce.

Na sami Alhaji a ƙofar gidansa na faɗa masa duk abin da na gane. Bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba, hakan ma ya fi ba ni tsoro. Cewa ya yi, "Hajiya, yaronki yana hannun mutanena, kuma maganata kaɗai suke ji. In aka rufe ni, wa zai kira su?" Wallahi ni ban ambaci 'yan sanda ba.

Mijina ya ce in ja bakina har yaron ya isa inda za a kai shi. Mama tana da hawan jini, tana ta faɗa wa mutane ɗanta ya kusa ganin Ka'aba, na kasa kallon idonta. Ga shi jiya matar mai shagon layinmu ta shigo da murnarta, wai ɗanta yana cikin waɗanda Alhajin zai tura ranar Asabar, tana tambayata irin jakar da ya kamata ta saya masa. Na ce mata zan tuna.

In na kai ƙara, ban san abin da za a yi wa nawa ba. In na yi shiru, da idona zan ga an sa nata a mota. Don Allah in ku ne, me za ku ce wa matar nan kafin Asabar?