Butar Kaka a Bakin Masai

Gwaggo Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya Kawu da yara? Muna lafiya.

Na gano tsohuwar butar tangaran ta Kaka da ta ɓace tun bikinki. A gidan tsohuwar maƙwabciyarmu a Samaru na gan ta, a bakin masai. Da na kifa ta, sai ga ɗigo uku na jan fenti da Kaka ke yi wa kayanta. Na ɓoyo ta a gyale.

Baba ya yi murna, bai tambayi komai ba. Wai ran Lahadi da ita za a zuba wa Fasto shayi. Ki yi mini addu'a in iya buɗe baki kafin nan.

A gaida kowa.

'Yarki,
Rifkatu