Adireshin Ɗan Hajjo

Mabera, Sakkwato
10 ga Agusta, 1998

Zuwa ga maigidana Baban Monica,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya sanyin Jos da kwas ɗin naku? Mu nan lafiya lau. Monica tana gaishe ka, ta ce kada ka dawo ba dankalin Turawa.

Bayan gaisuwa, ka sani da ɓacin rai nake wannan rubutu. Mun kwaso shago daga Tudun Wada zuwa Mabera kamar yadda ka bari, an kuma jawo layin waya. Kwamfutar a kan cinyata ta yi tafiyar, na rungume ta a gaban a-kori-kura kamar jaririya, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Da muka kunna ta ɗan yi nawa, shi ke nan laifinta. Sai ƙanenka Dauda, gwanin na iya, ya ce ta gaji, sai an wanke ta an sake zuba mata komai. Na ce ya bari ka dawo. Ya yi mini dariyar nan tasa ta wanda ya yi kwas a Kaduna. Na tafi zumuntar mata a coci, kafin in dawo ya gama aika-aikarsa.

Gudu kam yanzu tana yi, amma gudun me? Wurin adireshin imel fayau yake, babu ko ɗaya. Duk iyayen da ke zuwa mu aika wa 'ya'yansu saƙo ƙetare, babu wanda ya rage a ciki. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Masu ilimi a cikinsu sun yi tsaki sun koma gida sun kawo nasu a rubuce. Wadda ta hana ni sukuni ita ce Inna Hajjo.

Ka tuna ta, mai kawo mana shinkafa daga fadama, wadda ta yi mini wankan jego lokacin Monica da ba ni da kowa a garin nan. Mijinta Malam Audi ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Ta kawo shi asibiti ita kaɗai, likita kuma ya ce a kira 'ya'ya. Ɗan nasu da ke karatu a Malesiya shi take so a gaya wa ya taho. Ta zo da ƙafa daga asibiti, ta zauna a kan benci tana jira in danna kamar yadda kake dannawa, ni kuwa ina kallon allo kamar sakarya.

Kai ma ba ka fita ba. Da kana buga mata amsoshinsa a takarda, da adireshin yana nan a jiki. Amma don tsumulmular tawada sai ka karanta mata da baki ka sallame ta. To ga ranar tawada ta zo.

Dauda ya ce ya kwafe duk adireshi a faifan kwamfuta kafin wankin, sai dai kwamfutar ta ƙi karɓar faifan. Ko a jikinsa. Don Allah, in kana tune da adireshin yaron ko cikakken sunansa, ka ba direban da ya kawo maka wannan wasiƙa amsa a hannu, kada ka ce sai gobe.

Ka gaida abokan karatunka. Allah ya tsare.

Taka,
Rifkatu

Mabera, Sakkwato
19 ga Agusta, 1998

Baban Monica,

Ina gaisuwa, ina fata murar da ka ce ta kama ka ta sake ka. Monica lafiya, ni ma da sauƙi in ban da zuciya.

Na ga amsarka. Wato kai ma “ɗan Hajjo” kawai ka sani, kuma haka ka rubuta shi a kwamfuta. Madalla da ku, kai da ƙanenka, gida bai ƙoshi da gwanaye ba.

Shekaranjiya faifan ya buɗu, bayan Dauda ya yi ta zungurarsa fiye da mako. Abin da ya fito tarin adireshi ne tsirara, an zube su kamar gyaɗa a faifai, babu laƙabin da ka sa wa kowa. Babu “ɗan Hajjo”, babu “ƙanen Malami”, sai sunayen da yaran suka sa wa kansu, kuma yawancinsu ba sa nuna ƙasar da mutum yake. Na ce to da sauƙi, Inna ta faɗi sunan ɗanta in nemo. Ta ce Sodangi. Na duba sama da ƙasa, babu Sodangi. Na ce sunan yanka nake nufi, wanda ya shiga makaranta da shi. Sai ta kau da kai ta ce ai wanga suna ba shi faɗuwa a bakinta.

Ashe ɗan fari ne, kuma sunan surukinta ya ci. Kunya biyu ta haɗu. Duk ƙauyensu Sodangi ake ce masa, tsofaffin da suka san sunan suna can, ruwa ya yanke hanya, mai bakin faɗa kuma yana kwance ba baki. Na roƙe ta, na ce ta raɗa mini a kunne, na ce mu biyu ne sai Allah. Ta yi ta hawaye tana girgiza kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, haushinta ya kama ni har na ɗaga mata murya: miji yana shirin tafiya, ita tana riƙe da kunya! Da na sake dubanta sai haushin ya koma inda ya dace. Ita ba ta canza komai ba, haka take tun kafin a haife mu. Wanda ya taɓa abin da ba a sa shi ba shi ya jefa tsohuwa a wannan hali.

Sai na ce ba sai ta faɗa ba, ni zan faɗa. Na shiga karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta ce a'a, a'a, ba shi ba. Da na zo kan Abdulwahabu ba ta ce a'a ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa allon baya. Ban sake tambayarta ba, na rubuta saƙon. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai, sai da na aro rabin galan a wurin mai walda kafin saƙon ya tafi.

Jiya Sodangi ya amsa. Ya ce yana neman jirgi, a gaya wa Baba ya jira shi. Na je asibiti na faɗa wa Malam Audi a kunne. Ya matse mini yatsa. Ka sa su a addu'a.

Taka,
Rifkatu

Mabera, Sakkwato
28 ga Agusta, 1998

Baban Monica,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu muna nan.

Malam Audi ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa sutura kafin la'asar. Sodangi ya sauka Kano ranar Litinin, amma babu mai a tasha, motar da ya samu da ƙyar kuma ta sha tsayawa a shingayen sojoji. Laraba ya iso. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Da saƙon ya tafi ranar da uwarsa ta fara zuwa, da ya yi kwanaki yana jinyar ubansa. Na lissafa na sake lissafawa, amsar ba ta canzawa.

Jiya Dauda ya shigo yana washe baki, wai ya gano inda matsalar take, wani ɗan wuri ne kawai bai danna ba. Adireshi duk sun dawo da laƙabinsu. Ihu bayan hari. Ban ko ɗaga kai ba.

Muna cikin haka Sodangi ya shigo da uwarsa, sun zo godiya kafin su wuce ƙauye. Yaro mai ladabi, idanunsa jajur. Ya gode mini, sannan ya tambayi wanda ya yi ta fama da kwamfutar har adireshinsa ya fito, don an ce masa ta lalace wajen ƙaura. Da ya ji Dauda ne, sai ya kama hannunsa ya yi ta sa masa albarka, ya ce ba don shi ba da ko zaman makoki bai samu ba.

Maganar ta zo mini har leɓe. Inna Hajjo ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, don kada a ƙara wa yaron wuta a zuciya. Na haɗiye. Na tsaya ina jira in ga ko ƙanenka zai buɗe baki da kansa ya ce ba haka aka yi ba.

Ya karɓi godiyar, Baban Monica. Da hannu biyu ya karɓa, har yana cewa ai yi wa kai ne.

Na karɓe makullin shago daga hannunsa. In ka dawo ka ga dama ka mayar masa, amma ka sani ranar zan daina shiga shagon.

Monica tana gaishe ka. Allah ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Rifkatu