Inna Ta Zo Da Gero

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya Malam da yara? Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, tun da aka sallame mu daga aiki, bashin mai shago ya fi ƙarfina, har na daina bi ta layinsa don kunya. Na ɓoye wa Inna, amma labari ya iske ta Wamakko. Ranar Juma'a sai ga ta cikin keke da buhun gero. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Bello, mi yas sa ka ɓoye mini? Ni fa na haife ka."

Ta tisa ni gaba har shagon, ta roƙi mutumin, ya yarda in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da muka dawo ta dama fura, ta tsare ni sai da na shanye, kamar ƙaramin yaro.

Bashin yana nan, amma yanzu ina iya barci. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Inna ta ce kin daɗe ba ki kira ta ba.

Ƙaninki,
Bello