Zamfarancinki a Bakin Maman Kechi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa. Mu nan Badarawa ta Kaduna muna nan yadda kika bar mu, sai dai gidan ya yi mana faɗi.

Labarin ƙawarki Maman Kechi na kawo miki, kuma ba mai daɗi ba ne. Tsufa ya kama ta, ƙafafu sun ƙi, 'ya'yanta za su mayar da ita garinsu can ƙasar Ibo. Tafiya ce ba ta dawowa ba.

Kin fi ni sanin yadda kuka haɗu, amma bari in maimaita saboda masu leƙen wasiƙar nan. Baba ya ɗauko ki daga ƙauyenku na Zamfara lokacin yana tuƙin mota, ita kuma mijinta mai gyaran rediyo ya ɗauko ta daga gabas. Gidan haya ɗaya, ƙofa na kallon ƙofa. Ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa, ke kuma Turanci bai san da zamanki ba. A bakin murhu kika koya mata magana, da nuni da dariya.

Kin sha ba mu labarin ranar da kika ji tana ce wa mijinta "biko, biko". Hankalinki ya tashi, kika bi matan gidan kina tambaya wa ya yi yaji da za a je bikonsa. Ashe a yarensu roƙo ne, "don Allah" take cewa. Daga baya ke kika fi kowa amfani da kalmar, har mu kike ce wa, "Biko ku tashi ku yi shara."

Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne, Hausar da take kwasa a wurinki ta Zamfara ce tsantsa. Ita a zatonta duk Bahaushe haka yake magana. Sai ta je kasuwa ta tsaya gaban Bakano mai tumatur ta ce, "Wanga nawa na?" Bawan Allah ya saki baki yana leƙen bayanta, ko akwai wata Bazamfara da ta ɓuya. Har yau ba ta san fura ba sai "hura", ba ta kuma taɓa amsawa da "e" ba sai "awo".

Inna, kin san labarin ƙasa nake koyarwa. Nakan zana wa ɗalibai kibiyoyi a allo, in ce al'ada na tafiya a jikin mai ƙaura, tana kuma tsallaka katanga daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Littafinmu yana da taswira, kowace ƙabila da launinta, kowa a akwatinsa. Duk sanda na buɗe shafin sai in tuna tukunyarki ta miyar ogbono, irin ta su Maman Kechi, da kika cika wa daddawa kina rantsuwa kin gyara musu ita. Ban san launin da zan shafa wa wannan tukunyar ba.

Sai rikici ya zo, aka tashi hankalin gari. Su Maman Kechi suka kwashe kaya suka koma ƙetaren kogi, wasu kuma daga can suka dawo ta nan. Gadar da muke hayewa ba tare da tunani ba ta koma abin da sai an yi shawara. Kin yi kuka ranar, kika ce ɗakin nan ko wa ya shiga ba maƙwabcinki ba ne. Yawancin yaran ajina yanzu ba su taɓa karɓar kwanon abinci daga hannun wanda ba addininsu ɗaya ba.

Mu kuwa da kika haifa, ba wanda ya ɗauki harshenki. Kaduna ta riga ki. Hausarmu gauraye ce, ga Kananci, ga na Zazzau, ga Turanci a kai kamar yaji. Sai da kika rasu na gane maganarki nake kewa fiye da komai. Akwai Zamfarawa a Rafin Guza, nakan ji su a Keke Napep, amma ba su ja kalma yadda kike ja, ba su faɗa irin naki.

Makon jiya na haye gada na je yi mata sallama. Na same ta zaune a tsakiyar jakunkuna. Tana ganina ta ce, "Ɗiyata, taho nan. Kin rame, mi kika ci?" Inna, ke ce. Har yadda kike ɗaga murya a ƙarshe. Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarki saboda jama'a.

Ɗanta ya ce a ƙauyen da za ta ba mai jin Hausa ko mutum ɗaya. Ita ma ta sani. Ta ce mini, "Can da wa za ni yin maganag ga?"

Na zauna har la'asar ina yi mata tambayoyin banza, waɗanda na riga na san amsarsu, don kawai kada ta yi shiru. Ta gane, Inna. Ba ta nuna mini ta gane ba, ta dai yi ta magana har muryarta ta dishe.

Ranar Asabar motarsu za ta tashi. Ban taɓa zaton zan yi bankwana da ke sau biyu ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna. Ita kuma Allah Ya kai ta lafiya, Ya ba ta maƙwabciyar da za ta riƙe ta kamar yadda kika riƙe ta.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza