Ranar Da Baba Sale Bai Zo Kotu Ba

Assalamu alaikum. Ina gaida masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, domin zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni lauya ne na wata ƙaramar hukuma a yammacin Katsina, ba zan faɗi wacce ba. Aikina in ba hukuma shawara, in kuma tsaya mata a kotu idan an yi ƙararta. Akwai wani dattijo, bari in kira shi Baba Sale, mutumin wani ƙauye wajen Ruma, abokin mahaifina marigayi. Hukuma ta ce gonarsa ta faɗa cikin filin da za a yi tasha, shi kuma ya ce gadon kakansa ce, ya kai ƙara da kansa, bai ɗauki lauya ba. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne ni lauyan ɗaya ɓangaren ne. A wurinsa lauyan gwamnati lauyan talakawa ne, balle ɗan abokinsa. Na yi masa bayani, sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗana, tunda kana ciki ai shi ke nan."

Ranar da za a saurari shaidunsa, ina kan hanyar kotu wani ɗan acaɓa ya shaida mini ɓarayin daji sun shiga ƙauyensu, sun tafi da mutane, har da Baba Sale. Da kunnena na ji. Aka kira ƙara, bencinsa babu kowa, alƙali ya tambaya ko akwai wanda ya san dalili. Wallahi bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Ya mai shari'a, mai ƙara bai zo ba, ina roƙon a kori ƙarar." Aka kora. A ofis har hannu aka ba ni, wai na iya aiki. Na ce wa kaina ai doka ta ba ni dama, ai aikina ke nan. To aikin ne ya ce in ɓoye abin da na sani? Wace makaranta ce ta koya mini haka? Tun ranar, duk kotun da na shiga sai idona ya tafi kan bencin nan, ko ina sallah shi nake gani.

Daga baya Allah ya kuɓutar da shi daga hannun ɓarayin. Na gamu da shi ranar kasuwar Batsari, ya rame, yana dogara sanda. Na so in ɓuya bayan masu hatsi, ya riga ya hango ni. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ka yafe mani, na bar ka kana jira a kotu. Can cikin daji in na tuna gonar nan sai in ce ai kana nan, hankalina ya kwanta. Yaushe za a sake zama?" Na ce, "Za a sa rana, Baba." Ƙarya a kan ƙarya, kuma ina kallon idonsa.

Yanzu gero ya fitar da kai a gonar, bai san da an girbe za a kawo mota a share wurin ba. Ana iya maido da ƙarar idan aka nuna wa kotu dalilin rashin zuwansa, amma lokaci na ƙurewa, shi kuwa ba zai nema ba don bai san an kore ta ba. In na faɗa masa gaskiya, na kuma nemo masa lauya, na ci amanar hukumar da nake wa aiki, wataƙila aikin ya tafi, ga iyali. In na yi shiru gonar ta tafi. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba aikin ba ne, fuskarsa ce lokacin da zai ji bakin wa ya roƙi a kori ƙarar.

Ya aiko mini saƙo wai zai zo gidana ranar Juma'a in gaya masa ranar zama. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?