Dada Ta Goge Mini Tukwane

Ina sanar da masu karatu cewa yau, karon farko a tarihin wannan fili, an kawo mana ƙarar tukunya.

Malam Iro, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. Ni maginiya ce a Shamaki, amma tukwanena na kallo ne, ba a girki da su. A jami'a na koya. Shekara guda ina gina wasu don baje kolin da wani Mista Desmond zai yi a Abuja ƙarshen watan nan. Da gangan na yi musu kaushi da tsage-tsage, na shafa jar ƙasa, na zuba shuɗi yana gangarowa cikin tsagar. Siffar kwazazzabon da ya cinye gidanmu na da ce nake fitarwa a jikinsu, Malam, gidan da Baba ya rasu yana begensa.

Na je Bauchi neman kayan aiki, na dawo na tarar Dada, mahaifiyata, ta taimake ni. A wajenta sabuwar tukunya ba ta fita gida sai an gyara ta. Ta goge biyu da dutse har suka yi sumul. Sauran ta shafe da man gyaɗa, ta dafa dusa a ciki, duk sun yi baƙi ƙirin. Tana murmushi ta nuna mini, wai kada a ce 'yarta ba ta iya aiki ba. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Yanzu sai dai ta amsa gaisuwa ta kau da kai. Ga hotuna nan. In janye daga baje kolin ne? In fasa sana'ar gaba ɗaya?

Mai kuka a Shamaki

'Yata, kada ki janye. Na tambayi wani tsohon malamin ginin yumɓu, ya ce mai da baƙin hayaƙi sukan ƙone idan aka mayar da tukunya wuta. Ki gwada da guda ɗaya tukuna. Biyun da aka goge kuwa sun tafi. Ki gaya wa Desmond gaskiya yau, kada ya ji sai ana sauke tukwanen daga mota.

Dada ta taɓa abin da ba nata ba, wannan haka yake, kuma ɓacin ranki na kan hanya. Amma ni da ba mu taɓa haɗuwa ba kin gaya mini abin da tsagar nan take nufi. Ita fa, da ta kwashe kayan ɗakinta daga bakin ramin? Ina zargin masu Abuja kika tanadar wa bayanin. Ki durƙusa ki ba ta haƙuri kan muryar, ba tare da "amma" ba. Sannan ki ɗora hannunta a kan wadda kaushinta ya tsira, ki ce mata gidan ne. Wataƙila ta yi kuka. Ki zauna tare da ita.

Da na fara karanta wasiƙarki dariya na yi, na ce ai tukunya ce kawai. Sai na buɗe hotunan, na daɗe ina kallon shuɗin nan da ke leƙowa ta ƙarƙashin baƙi. Ban yi daidai ba. Allah Ya sa wutar ta yi kyau, Ya huci zuciyar Dada.

Malam Iro