Gida Ya Sukurkuce, Baba

Baba, ina gaishe ka da gaisuwar ɗa ga mahaifinsa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ba ka karanta boko, ballantana yanzu.

Ina nan Dogon Dutsi, ina yi wa Bature kwamanda tafinta. Ran nan wani mai gari ya ce masa rijiyarsu ta sukurkuce. Bature ya juyo yana tambayata ma'anar kalmar. Na buɗe baki, sai maganarka ta fito. Ka tuna kana gyaran jinkar rumbu kana koya mini? Ka ce abin da wuta ta ci ya ƙone, abin da ruwa ya ci ya ruɓe, amma abin da ya sukurkuce ba wanda ya taɓa shi. Barinsa aka yi, igiya ta saki, gara ta shiga, mai shi yana cewa gobe.

Sau biyu ka aiko mini fatake cewa gida ya sukurkuce, in zo kafin damina. Na ɗauka jinka kake nufi. Ashe ƙafafunka ne suka daina ɗaukarka. Me ya sa ba ka faɗa a fili ba? Ko ka faɗa, ni ne ban ji ba?

Akwai abin da ban taɓa furtawa ba. Shekarar da ka tako tun daga Geceme ka iske ni a bariki, Bature ya tambaye ni ko kai wane ne. Na dubi tsohuwar rigarka, na ce wani mutumin garinmu ne. Da Faransanci na faɗa, amma na ga ka sauke kai. Ka ajiye mini ƙullin gyaɗa, ka juya.

Makon jiya na je gida. Rumbunka babba ya kwanta gefe guda. Dangar ta zube, awakin maƙwabta na kwana a ɗakinka. Inna ba ta gani sosai, ta koma wurin ƙanwata Hadiza. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Na gwada ɗaure dangar. Hannuna ya manta ƙullin, Baba. Wa zan tambaya?

Allah Ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini.

Ɗanka, Ɗanladi, wanda ya zo a makare.